SHAWARA A ƊAKIN MAJINYATA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a makon nan za mu dakata da bayanin zakkar kayan ciniki da muka faro, saboda wata tambaya da ta same mu har zaure, wadda muka ga amsarta ta shafi kowa.

Wani almajirinmu na da, wanda ya sauke Alƙur'ani a hannunmu kafin ya shiga makarantar koyon aikin jinya, ya zo ganin iyayensa a nan Jega Magaji, ya biyo ya gaishe mu bayan la'asar. Yana aiki a wani asibiti mai nisa da nan. Da muka gaisa sai muka ga bai saki jiki ba, muka ce, "Ɗana, lafiya dai?" Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wani abu ne ya hana ni barci."

Abin da ya faru shi ne, shugabannin asibitinsu sun lura magani yana ɓacewa, sai suka yanke cewa daga ranar nan dukkan magunguna su koma sito, mabuɗi kuwa ya zauna hannun mai sito, wanda yakan tashi aiki da yamma. Aka liƙa takarda a jikin bango, ba a tambayi ko ɗaya daga cikin masu aikin dare ba. Almajirin namu ya ce tun ranar da ya karanta takardar ya hango haɗarin da ke ciki, amma ya ja bakinsa ya yi shiru, don tsoron kada a ce yaro ne mai taurin kai, a cilla shi wani ƙauye. Ana nan, ran nan cikin dare aka kawo wata mai ciki tana jijjiga. Allurar da za a yi mata tana cikin sito, mai mabuɗi yana gida. Kafin a tura babur a taso shi, lokaci ya tafi. Allah Ya yi matar tana da sauran shan ruwa a duniya, amma abin da ke cikinta bai zo da rai ba.

Ya ce, "Malam, ina da laifi wurin Allah da na yi shiru? Kuma ashe ya halatta ƙaramin ma'aikaci kamata ya ja da abin da manya suka yanke?"

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE YOYO

Kafin mu ba da amsa, muna so ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su gane cewa wannan magana tasu ce. Babu wanda ya fi ƙarfin gadon asibiti. Alhajin da ke loda albasa daga Aliero zuwa Kudu, da akawun da ke ofishin ƙaramar hukuma a Maiyama, kowannensu wata rana zai kwanta, ko ya kwantar da matarsa ko ɗansa. Likita yakan zagayo ya duba, ya rubuta magani, ya wuce ga na gaba, domin majinyata sun fi ƙarfin yawan likitoci. Wanda ya rage tare da mara lafiya dare da rana shi ne nas. Shi ne ke ganin sa'ad da numfashi ya sake, da sa'ad da ƙarin ruwa ya tsaya, da sa'ad da zazzaɓi ya hau. Shi ne kuma ya san wace fitila ce ta mutu, da wane famfo ne ba ya kawo ruwa.

Ba mu manta da abin da ya same mu a bazarar 2025 ba, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a wannan yanki. A watan Maris na shekarar Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26, daga cikinsu 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Aka buɗe wuraren keɓe masu cutar a Gwandu da Jega da Aliero, har aka rufe jami'ar Aliero na wani lokaci bayan rasuwar waɗansu ɗalibai. Dattawa kuma suna tune da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A irin waɗannan ranaku, da mutane ke gudun mara lafiya, su wa suka tsaya a kansa suna juya shi, suna share masa amai, suna ƙirga sa'o'in allura? To, mutumin da aka yarda ya saka ransa cikin haɗari saboda majinyaci, ta ƙaƙa za a ƙi jin bakinsa a kan yadda za a tsara aikin ɗakin?

MATSAYIN SHAWARA A SHARI'A

A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura sukutum da ake kira Suratush Shura. A aya ta 38 Allah Ya lissafa siffofin muminai, Ya ambaci shawara a tsakanin tsai da salla da ciyarwa daga abin da Ya azurta su. Malamai sun ce ajiye ta tsakanin waɗannan biyu yana nuna nauyinta. A Suratu Ali Imrana kuwa, aya ta 159, Allah Ya umurci Manzonsa da ya yafe wa sahabbai, ya nema musu gafara, ya kuma shawarce su cikin al'amari. Abin lura shi ne wannan aya ta sauka ne bayan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, inda Annabi (S.A.W.) ya bar ra'ayinsa na a tsaya cikin Madina ya bi ra'ayin masu son a fita, aka kuwa sha wahala. Duk da haka ba a ce masa ya daina shawara ba, sai ma aka ƙarfafa ta. In wanda wahayi ke sauko masa an umurce shi da shawara, ina ga shugaban asibiti?

Sa'an nan wa ake shawarta? Sunna ta nuna ana shawartar wanda ya san abin, ko da ba shi da muƙami. A Badar, shekara ta 2, Hubabu ɗan Munzir ya ga inda rundunar Musulmi ta sauka bai dace ba. Ya fara da ladabi, ya tambaya ko saukar nan umurnin Allah ce ko kuwa dabarar yaƙi. Da aka ce masa dabara ce, sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba. Aka tashi aka koma inda ya ce, domin shi ya san rijiyoyin wurin. A shekara ta 5 Salmanul Farisi, baƙo daga ƙasar Farisa, ya kawo dabarar haƙa gwalalo, aka karɓa. A Hudaibiyya, shekara ta 6, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin ciki, shawarar Uwar Muminai Ummu Salama ce ta warware matsalar. Ga ƙaramin soja, ga baƙo, ga mace, duk an ji bakinsu an yi aiki da shi.

Akwai kuma ƙissar da ta shafi lafiya kai tsaye, wadda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito ta. Wajen shekara ta 17 Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarga sai Abu Ubaida da sauran kwamandoji suka tarye shi da labarin annoba ta sauka a ƙasar. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya tara Muhajirai na farko, suka saɓa. Ya tara mutanen Madina, su ma suka saɓa. Ya tara dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan a koma. Bayan ya yanke komawa, sai ga Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ba ya nan lokacin da ake shawarar, ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita don gudunta. Watau ilmin da ya raba gardamar yana wurin mutum ɗaya wanda ba ya zaune a majalisar. Sau nawa ilmin da zai ceci majinyaci yake wurin mai aikin dare, wanda ke barci a gida lokacin da manya ke taro da hantsi?

Malaman mazhabarmu sun yi magana mai ƙarfi a kan wannan. Ibnu Aɗiyya na Andalus ya ƙidaya shawara cikin ginshiƙan shari'a, har ya ga wajabcin tuɓe shugaban da ba ya shawartar ma'abuta ilmi da addini. Ibnu Huwaizi Mandad kuwa ya rarraba ta: a tambayi malamai abin da ya shige duhu na addini, a tambayi shugabannin yaƙi abin da ya shafi yaƙi, a tambayi manyan jama'a abin da ya shafi maslaharsu, a tambayi ma'aikata abin da ya shafi gyaran ƙasa. Alƙurɗubi ya kawo maganganun nan biyu cikin tafsirinsa. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya sanya lizimtar shawara cikin abubuwa biyar da mulki ke tsayuwa a kansu, tare da adalci da barin tsanani. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke nan kusa da mu a Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin koya wa masu riƙe da jama'a haƙƙoƙin da ke kansu. Saboda haka in mun ce a shawarci nas a kan aikin jinya, ba wani baƙon abu muka aro ba.

Aikin jinya kansa yana da asali mai daraja. Rufaida Al'aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin gwalalo, Annabi (S.A.W.) ya ce a kai shi tantinta domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shugaban ƙabilar Ausu guda aka damƙa a hannunta, aka bar mata aikinta.

ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA GANO

Hikima kayan mumini ce da ya ɓace, duk inda ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita. A farkon shekarun 1980 an yi ƙarancin nas-nas a Amurka, suna ta barin aiki. Amma aka lura akwai waɗansu asibitoci da ma'aikatansu ba sa tafiya, wasu ma rububin shiga suke yi. Wani bincike da aka fitar a 1983 ya ware asibitoci 41 irin waɗannan, aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu, domin suna jawo ma'aikata kamar yadda maganaɗisu ke jawo ƙarfe. Daga cikin abin da aka samu sun yi tarayya a kai akwai cewa shugabanninsu suna sauraron nas-nas, ana kuma barinsu su yanke abin da ya shafi aikinsu. A shekarun nan ne wani masanin aikin jinya, Tim Porter-O'Grady, ya yaɗa tsarin da nas-nas na kowane ɗaki ke zaɓar wakilai daga cikinsu, su kafa majalisa mai ikon tsara yadda ake jinya, da koyar da sababbi, da bin diddigin kurakurai, shugaba kuwa ya riƙe kuɗi da kayan aiki da ɗaukar ma'aikata.

A 2002 Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyin da ke kansa, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. To, wa zai fara sanin cewa kaya sun yi wa ɗaki yawa in ba mai ɗauke da su ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da wata 'yar takarda a 2008 wadda ake karantawa a ɗakin tiyata. Kafin a sa wuƙa sai kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, likita da mai sa barci da nas kowa ya faɗi abin da yake jin tsoro game da wannan majinyaci, bayan an gama kuma nas ya tabbatar da ƙidayar kayan aiki da auduga. Da aka gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, har da wani a Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000. Babu sabon inji, babu sabon magani. An dai buɗe wa ƙarami baki ne a gaban babba.

Akasin haka ya faru a asibitin Istafod na Ingila tsakanin 2005 da 2009, inda aka bar majinyata cikin ƙazanta da ƙishirwa. Rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 ya nuna hankalin shugabanni ya tafi ga lissafin kuɗi, ba a saurari koken ma'aikata da na dangin majinyata ba, ma'aikata da yawa kuma tsoro ya rufe musu baki. In wannan ya faru a ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki, lalle rashin shawara cuta ce mai zaman kanta, dabam da talauci.

A GIDA NIJERIYA

A watan Fabrairu na 2024 majalisar da ke kula da aikin nas-nas da ungozoma ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardunsa don fita waje. Magatakardanta ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Damuwar gaskiya ce, domin kowane nas da ya tafi Ingila ko Saudiyya gurbi ne ya bari a wani ɗaki. Amma nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Ikko, har Majalisar Wakilai ta sa baki ta ce a dakata. A ƙarshen watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta shiga yajin aikin gargaɗi, aka janye shi a farkon Agusta bayan zama da gwamnati. Jama'a da yawa sun ɗauka maganar alawus ce kurum, alhali cikin buƙatunsu akwai a kafa sashen aikin jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a kuma ba su wakilci a hukumomin da ke tsara harkar lafiya.

Mu dai ba ma farin ciki da yajin aiki a asibiti, domin wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne talakan da ba ya iya zuwa asibitin kuɗi, kuma tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dominsu. Sai dai duk zaman da aka yi bayan yaji, da an yi shi tun kafin yaji da ya fi. Wanda ya rufe ƙofar shawara yana da kamasho cikin alhakin abin da ya biyo baya.

IYAKAR SHAWARA

Wani ma'aikaci zai ce, ai ba a sarki biyu a gari ɗaya, in kowa zai sa baki aiki ba zai tafi ba. Wannan magana tana da gaskiyarta, kuma ayar da ta yi umurni da shawara ita ce ta ce in an ƙudura niyya a dogara ga Allah a zartar. A Uhudu, da waɗanda suka matsa a fita suka yi nadama suka nemi a koma ga ra'ayin farko, Annabi (S.A.W.) ya riga ya sa sulke, bai kuwa tuɓe ba. Saboda haka akwai lokacin shawara, akwai lokacin umurni. Sa'ad da aka shigo da wanda ya yi haɗarin mota a hanyar Jega zuwa Koko yana zubar da jini, ba lokacin taro ba ne, mutum ɗaya ke ba da umurni saura su bi. Amma yadda za a shirya wa irin wannan dare, da inda za a ajiye magani, da wanda za a kira, wannan da rana ake zama a tsara shi tare.

Haka nan shawara ba ta mai da nas likita. Gano cuta da rubuta magani aikin wanda ya karanci fannin ne, kuma hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilminsa ba. Amma in nas ya ga adadin da aka rubuta ya yi wa yaro yawa, wajibi ne ya tambaya kafin ya ɗura. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da aka fasa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokansa suka ce ba shi da sauƙin taimama, ya yi wanka ya mutu. Annabi (S.A.W.) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, ya kuma nuna cewa maganin rashin sani tambaya.

Malamai sun saɓa a kan ko dole ne shugaba ya bi abin da masu shawara suka rinjaya a kai, ko kuwa haske kawai yake nema daga gare su. Abin da muke gani ya dace da asibiti shi ne a raba. Abin da ke cikin aikin jinya tsantsa, kamar jadawalin aiki, da yadda ake miƙa majinyata tsakanin na rana da na dare, da tsabtar ɗaki, a bar wa masu aikin, shugaba ya zartar da abin da suka rinjaya a kai sai in ya saɓa wa doka. Abin da ya shafi kuɗi da ɗaukar ma'aikata kuwa hukuncinsa na shugaba ne, amma ya ji bakinsu tukuna, in ya ƙi shawararsu ya faɗi dalili. Shawarar da ake yi bayan an riga an yanke hukunci a ɓoye yaudara ce, kuma ma'aikata suna gane ta tun daga zama na biyu.

ABIN DA ZA A IYA YI BA TARE DA KASAFI BA

Ga asibitocinmu na Jega da Aliero da Maiyama, da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, muna ba da shawarar abin da ba ya bukatar ko kwabo daga Birnin Kebbi. Kowane ɗaki ya riƙa zama sau ɗaya a wata, a sa lokacin a daidai canjin aiki domin na dare su samu halarta. A sa ungozoma da masu shara da mai sito, domin kowannensu yana ganin abin da wani ba ya gani. A fara jin bakin ƙananan ma'aikata kafin manya su yi magana, don in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa kunya takan hana yaro saɓa masa. A sami littafi guda a rubuta abin da aka yanke, da wanda zai yi shi, da ranar da za a duba. Abin da ya fi ƙarfin ɗaki wakilinsu ya kai shi gaba, a kuma dawo musu da amsa a rubuce, ko da amsar a'a ce. A wajen jadawali a duba mai azumi, da mai shayarwa, da mai zuwa Juma'a, da abokin aiki Kirista mai zuwa coci ran Lahadi, domin adalci bai keɓanta da Musulmi ba. Kada kuma a hukunta wanda ya bayyana kuskure don a gyara, in ba haka ba kowa zai koma binne nasa.

Ku kuma 'ya'yanmu nas-nas, ku sani wanda aka shawarta amintacce ne, kamar yadda ya zo a hadisi. Majalisar ɗaki ba dandalin gulma ba ce, ba kuma wurin neman sauƙin aiki ga kai da abokai ba. Asirin majinyaci ba ya fita daga cikinta. Wanda ya nemi a ji bakinsa ya yarda a tambaye shi in abin da ya kawo bai yi kyau ba. Kuma yadda kuke so manya su saurare ku, haka tsohuwar da ta zo daga ƙauye da jikanta take so ku saurare ta ba tsawa. Jama'a suna kuka da wannan, ku sa shi a gaba cikin zamanku na farko.

Ma'aikatan gwamnati, musamman na Ma'aikatar Lafiya da na ƙananan hukumomi, kafin ku sa hannu a takardar da za ta sake yadda ake aiki a ɗakin majinyata, ku tambayi kanku ko wanda zai yi aiki da ita da ƙarfe biyun dare ya gan ta. Muna kuma roƙon malaman kwalejin kimiyyar lafiya ta nan Jega da na makarantar nas-nas ta Birnin Kebbi su koya wa ɗalibai irin ladabin Hubabu: yadda ƙarami zai faɗi gaskiya ga babba ba tare da raini ba.

'Yan kasuwa kuwa kun fi kowa sanin wannan. Babu mai hankalin da zai sayi buhu ɗari na albasa bai tambayi wanda ke kwana a wurin ajiya ko ta fara ruɓa ba. To, in Allah Ya hore muku za ku yi sadaka ga asibiti, ku shiga ɗakin ku tambayi masu aiki abin da suka rasa. Wataƙila kuna shirin fenti da allo mai sunanku, alhali su fitila mai aiki da hasken rana suke bukata a ɗakin haihuwa.

AMSAR TAMBAYA

Muka ce wa almajirinmu: ajali yana hannun Allah, babu mai iya rantsuwa cewa da an sami allurar nan take da jaririn ya rayu. Amma imani da ƙaddara ba ya kankare sakaci. Ka ga haɗari ka yi shiru don tsoron canjin wurin aiki, wannan gazawa ce wajen nasiha, sai ka nemi gafarar Allah. Shugabanninku kuwa niyyarsu ta tsare dukiyar jama'a kyakkyawa ce, amma nasu nauyin ya fi naka, domin su aka ba kiwo, su ne kuma suka yanke hukunci a kan aikin dare ba su tambayi masu kwana ba. Da sun tambaya, da ɗayanku ya ce a ware ɗan akwati na maganin gaggawa a ɗakin, a riƙa ƙirga abin da ke ciki ana sa hannu duk lokacin canjin aiki. Da an tsare magani, an kuma tsare rai.

Muka ce cikar tubarka ita ce ka koma ka rubuta wannan shawara cikin ladabi, ka nemi abokan aikinka su sa hannu, ku kai wa shugabar nas-nas ku roƙi a zauna. In an karɓa, alhamdu lillahi. In an ƙi, ka sauke nauyi, ka kuma sake kaiwa. Arzikinka ba ya hannun mai canja maka wurin aiki. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Na ji, Malam, zan yi in Allah Ya so." Muka yi masa addu'a ya tashi.

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce, kowa ya kama gefensa. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya ba ma'aikatanmu ƙarfin halin faɗin gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zakkar kayan ciniki.